Yadda Ake Lambun Rani a Ƙaramin Fili, da Yadda Ake Tsare Shi Daga Ciyawa da Ƙwari

Wannan bayani na mai ƙaramin fili ne: wanda ya karɓi aron 'yan komaye a bakin fadama, ko ya kama hayar fili mai mita 20 a tsaye da 10 a kwance kusa da rafi, ko ma'aikacin da ke da kango da rijiya a bayan gari, yana so gidansa ya huta da sayen kayan miya. Manyan manoman Kadawa da Kura masu shan ruwan madatsar Tiga suna da nasu lissafin, amma ƙwaron da ke cin tumatirinsu shi ne zai zo ya ci naka. Abin da na gani a shekarun da na yi ina lambu shi ne, yawancin asarar da ake ɗora wa tsutsa a watan Fabrairu, tun a Oktoba mai lambun ya jawo ta, lokacin zaɓen fili da gyaran ƙasa da reno. Saboda haka daga can za mu faro.

Kafin ka sa fartanya

Fara da ruwa. Tambayi maƙwabtan filin, ba mai filin kaɗai ba: rijiyar nan ko rafin nan yana kaiwa watan Afrilu? Lambun da ruwansa ya ƙafe tumatir na fure, duk wahalar da aka sha ta tafi a banza. Ka duba kuma daga ina ruwan yake fitowa. In ya biyo ta kwatamin gari ko ta bayan majema, kada ka shuka latas ko kabeji ko wani abin da ake ci ɗanye a kansa. Inda ka ga ƙasa ta yi farin busa-busa kamar an barbaɗa gishiri, kanwa ce, shuka ba ta jin daɗinta.

Sai ka tambayi abin da aka shuka bara. Tumatir, attaruhu, tattasai, barkono, gauta, yalo da dankalin turawa duk dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, ƙwarinsu kusan ɗaya. In shekara biyu ko uku a jere su ake zubawa a wurin, to bana ka sa albasa ko masara a wannan ɓangaren, ka kai tumatir wani gefen. In akwai ragowar kuɓewa ko tumatir a filin, tumɓuke ɗaya ka dubi saiwar. Ka gan ta da ƙulle-ƙulle kamar carbi? Akwai wasu tsutsotsi a ƙasar da ido ba ya gani, su ne ke sa shuka ta yi yaushi da rana ko da ta ƙoshi da ruwa.

In aro ne ko haya, a yi magana a gaban shaidu: zuwa wane wata za ka tashi, wa ke da man inji, wa ke da ranar ruwa. Sannan ka yi shinge kafin ka shuka ko ƙwaya ɗaya. Darnin kara ko ƙaya ya isa. Akuya ɗaya da yamma ɗaya ta fi tsutsar wata guda ɓarna, kuma ita ce ke haɗa maƙwabta faɗa.

Gyaran ƙasa, da yadda ake yi wa ciyawa wayo

Yi sassabe, ka kafce ƙasa da zurfin da ya kai tsawon bakin garma, ka bar ta a buɗe rana ta dake ta kamar mako 2. Rana na kashe saiwoyin ciyawa da tsutsotsin da ke kwance a ƙasa, tsuntsaye kuma su tsince gwazarma. Daga nan ka fasa hoge, ka ja komaye. Ni na fi son komi mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, don hannu na kaiwa tsakiyarsa daga kowane gefe ba sai an taka ciki ba. A jigawa a yi komin da ɗan zurfi ya riƙe ruwa. A laka ko dabaro, inda ruwa ke kwanciya, a ɗaga shi sama, ko a yi kunya a dasa a kafaɗarta.

Kowane komi ka zuba masa kamar bokiti guda na takin gargajiya, amma ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi ya daina zafi da wari. Ɗanyen kashin shanu ko na awaki cike yake da irin ciyawar da dabbar ta ci, yana jawo gara, ɗanyen kashin kaji kuma ƙona saiwa yake yi. Mutane da yawa da hannunsu suke shuka ciyawar da za su kwana uku suna cira.

Ga dabarar da na fi so a duk harkar nan, ba ta cin ko kwabo sai ruwa. Bayan ka gama shirya komaye, ka ba su ruwa sosai kamar ka yi shuka, ka tafi abinka. Cikin kwana 10 zuwa 14 za ka ga sun yi kore shar da ƙananan ciyayi. Sai ka bi da fartanya ka kankare su sama-sama, da hantsi, rana ta busar da su. Kada ka zurfafa, domin in ka juyo ƙasar ciki sabon irin ciyawa za ka fito da shi sama. In kana da lokaci ka maimaita sau biyu. Wanda zai shuka karas ko ya dasa albasa, wannan aikin zai rage masa rabin duƙawar da ke gabansa.

Reno

Karas, kuɓewa, alayyafo da kokwamba kai tsaye ake shuka su. Tumatir, attaruhu, tattasai, kabeji, latas da albasa kuwa sai an yi reno. A ƙasar Hausa renon rani daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ake yinsa, don shuka ta yi girmanta a cikin sanyin hunturu. Tumatirin da ya makara har furensa ya haɗu da zafin bazara, zubar da furen yake yi. Kuɓewa ita kuma akasin haka ce, sanyi na hana ta tafiya, gara a jira sanyin ya fara raguwa.

Zaɓi wurin da ba a taɓa renon tumatir ba. Tara kara ko busasshiyar ciyawa a kan komin ka cinna wuta, in ya huce ka gauraya tokar da ƙasa. Ja layuka da yatsa, tazarar faɗin tafin hannu, ka zuba iri da sauƙin hannu, ka rufe da ƙasa kaɗan, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Da ka ga tsiro ya leƙo ka ɗauke ciyawar. Renon da ya cushe kuma ake cika masa ruwa, za ka wayi gari ka ga tsirrai sun kwanta, gindinsu ya sirance ya ruɓe. Maganin wannan shi ne sarari da ruwa daidai kima, da safe.

Sannan ka samo tsohon gidan sauro marar huji, wanda aka wanke, ka kafa 'yan sanduna ka lulluɓe renon, ka danne gefensa da ƙasa. Yana rage farin ƙuda, ya tsare malam-buɗe-littafin da ke yin ƙwan tsutsa, ga ƙadangaru da tsuntsaye. Ciwon da tumatir ya ɗauka a reno ba ya warkewa a fili.

In sayen dashe za ka yi a kasuwa, juya ganyen ka duba bayansa kafin ka biya. Na taɓa sayen dashen tumatir mai kyan gani a hannun wani, ban duba ba don ina sauri. Mako 3 bayan dasawa ganye ya murɗe, sama da rabin komayen ba su ba ni komai ba. Tun daga shekarar nan nake renon kaina.

Dashe da ban ruwa

Tumatir da kabeji na isa dashe a mako 3 zuwa 4, in sun yi ganye 4 zuwa 6. Attaruhu da tattasai sukan kai mako 6, albasa mako 6 zuwa 8, in ta kusa kaurin fensir. Saura mako guda a cire, ka rage musu ruwa ka buɗe su ga rana su yi ƙwari. Ranar dashe ka jiƙa renon, ka cire da ƙasarsa, ka dasa da la'asar, ka bi da ruwa nan take.

Tumatir a ba shi kamar santimita 60 tsakanin layi da 45 tsakanin shuka. Kabeji 45 zuwa 50, latas 25 zuwa 30, albasa 10 zuwa 15. Na san zuciya na son a cusa don fili kaɗan ne, amma cunkoso ke hana iska shiga, ya ɓoye maka tsutsa, ya hana feshi isa ƙarƙashin ganye.

Mako 2 bayan dashe, ka ba kowane gindin tumatir ko attaruhu cikin murfin kwalbar lemo guda na takin kamfa 15-15-15, nesa da gindin da kamar faɗin yatsu huɗu, a binne. In ya fara fure a ƙara rabin murfi na yuriya. Kada ka zarce. Yuriya mai yawa ganye take sawa ya yi laushi ya yi duhu, irin wanda darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ke so, 'ya'ya kuma su yi ƙaranci. Ban ruwa ya kasance da tsari. In ka bar tumatir ya sha ƙishi sannan ka malale shi da ruwa, 'ya'yan su tsage, wasu gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Mutane kan ruga sayen maganin feshi saboda wannan baƙin, alhali ba ƙwaro ba ne, rashin daidaiton ruwa ne ya hana shukar jan sinadarin kalsiyam.

Ciyawa

Mako 4 zuwa 6 na farko bayan dashe su ne lokacin da ciyawa ke cutar da shuka. Ka yi noman firi tun ciyawa na da ganye biyu-uku, lokacin da fartanya ke share ta kamar wasa. Kwana 10 ko mako 2 ka yi maimai. A komin albasa da karas da hannu ake cira, bayan ban ruwa ƙasa na da laushi, don saiwar albasa a sama take, ganyenta kuma siriri ne, ba ya yin inuwar da za ta danne ciyawa har ta girma. Bayan noman firi ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar iri ko tattakar shinkafa a gindin tumatir da attaruhu. Tana hana sabuwar ciyawa fitowa, tana riƙe danshi, tumatir kuma ba ya kwanciya a laka. Inda gara ta yi yawa ka sa ido.

Ciyayi uku ne ba sa jin fartanya kaɗai. Babbansu jiji. Abin da kake gani a sama ganye ne kawai, a ƙasa yana da 'ya'ya kamar ƙananan aya, a jere a kan zare, kowane ɗa kuma shuka ne mai zaman kansa. Ka sare shi yau, jibi ya leƙo, har abin da ka lulluɓe ƙasa da shi yake hudawa. Abin da ke kashe 'ya'yan shi ne bushewa. Don haka tono da rana kafin shuka, da tsince su da hannu a kwando a fitar daga lambu, su ne aikin. Wanda ya saura kada ka bar shi ya yi ganye da yawa, ka riƙa sare shi yana ƙarami har abincin da ya tara a ƙasa ya ƙare. Jiji ba ya son inuwa, saboda haka komin da ya fi yawa ka ba shi abin da ke rufe ƙasa da sauri, kamar dankalin Hausa ko kabewa, kada ka kai albasa can. Ba a gamawa da shi a shekara ɗaya, amma yana raguwa ƙwarai ga wanda ya nace.

Kiri-kiri kuma kowace gaɓa ka bari a ƙasa mai danshi sai ta kama, don haka daddatsa shi da fartanya yaɗa shi ne. A zaro shi da jijiyarsa a shanya. Haka fasa-ƙaba, wadda wasu ke kira halshen saniya: jikinta cike yake da ruwa, in ka cire ta ka yar a cikin komi, ban ruwa na gaba za ta miƙe. A kwashe ta a fitar. Rukuɓu da gasaya in sun fito a gefe, cire su ka kai gida a yi kwaɗo ko miya, amma kada ka bari su yi iri.

Maganin ciyawa na feshi ban cika ba mai ƙaramin lambu shawararsa ba. In jiji ko tofa sun ci ƙarfinka, ana fesa gilaifoset a kansu suna kore kafin a shuka komai, a jira su bushe. Ba ya bambanta ciyawa da tumatir, kuma iska na kai shi komin maƙwabci. Famfon da aka sa maganin ciyawa kada a yi feshin ƙwari da shi.

Ƙwari

Kowace safiya, kafin ka tayar da inji, zagaya lambun ka riƙa juya ganye. Kusan duk abin da ke cin kayan lambu a bayan ganye yake zama. Minti 15 sun isa ƙaramin fili.

Gyare da tsutsar ƙasa su ke yanke sabon dashe daga gindi da dare. Tona gefen wanda aka yanke da yatsa, sau da yawa za ka same ta a naɗe. Darɓa tana taruwa a kan sabon toho na attaruhu da kabeji da kuɓewa, ganye ya yi danƙo ya yi baƙi. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin shuka, duba da kyau. Ruwan sabulu kaɗan na maganinta in an tare ta da wuri. Farin ƙuda ƙanƙane ne, in ka girgiza shuka ya tashi kamar an busa gari. Shi ke ɗauko cutar da ke murɗe ganyen tumatir ya yi rawaya ya tsumbure. Wadda ta kamu ba ta da magani, tumɓuke ta ka binne, kada tausayi ya sa ka rasa sauran. Yanka tsohuwar jarka mai ruwan ɗorawa, ka shafa mata giris, ka rataye daidai tsayin shuka. Launin na jan su su manne, kai kuma ka san ko suna ƙaruwa.

A albasa, in ganye ya fara yin zane-zanen fari kamar azurfa, buɗa tsakanin ganyen a wuya, za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari na gudu. Zafi da bushewar Fabrairu da Maris ke ƙara su, shi ya sa wanda ya dasa a Nuwamba ya fi tsira. A kabeji kuwa 'yar koriyar tsutsa ce mai huda ganye, in an taɓa ta sai ta zille ta rataye da zare. Dole a tare ta kafin kabeji ya naɗe kai.

Sai sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta bi ta Arewacin Afirka har ta iso mu. A 2016 ɓarnarta ta kai gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Uwar ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, da dare take yawo, guda ɗaya na iya yin ƙwai sama da 200, kuma a lokacin zafi cikin kamar wata guda ƙwan ya zama uwa. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ta cinye tsakiya, sai ka ga farin tabo kamar leda da baƙin kashi a ciki. Daga nan ta huda kara da 'ya'ya. Tun da a ɓoye take, yawancin maganin da ke kashe ƙwaro in ya taɓa shi ba ya isa gare ta. A ƙaramin lambu hannunka ya fi komai: tsinke duk ganyen da ya yi tabon, ka zuba a leda ka ɗaure ka ajiye a rana, ko ka binne da zurfi. Kada ka yar a hanyar ruwa. Da dare ka ajiye baho da ruwa da ɗan sabulu, ka rataya fitila mai caji a kansa a gefen lambu, da safe ka ƙirga abin da ya faɗa. Kuma ku yi magana da maƙwabta ku yi tare, don ba ta san iyakar fili ba.

Ga haɗin darbejiya, wadda ake kira dogon yaro ko bedi ko maina. Tara nunannun 'ya'yan da suka zubo, ka wanke, ka shanya a inuwa su bushe, ka ajiye a buhu mai shan iska don kada su yi fumfuna. Daka rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe ka tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada ya toshe bakin famfo, ka narka ɗan guntun sabulu a ciki ya taimaka ya kama ganye. Fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, domin rana na kashe ƙarfinsa, kuma ranar da aka tace ake amfani da shi. Maimaita duk kwana 5 zuwa 7. Kada ka sa ran ganin gawar ƙwari nan take. Yana hana su ci ne da girma. Masu cewa ba ya aiki galibi sai da lambu ya cika da tsutsa suka fara. Ƙwallon ya fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kwaɗi, gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, zanzaro mai ɗaukar tsutsa zuwa ɗakinsa, da jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da ke cin darɓa, duk ma'aikatanka ne. Feshin duk mako ba tare da dalili ba su yake fara kashewa.

In dole sai maganin kanti

Ɗauki ganyen da abin ya ci, ka kai wa malamin gona ko tsohon mai lambu ya gaya maka mene ne, kafin ka je shago. A Najeriya ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada ka sayi wanda aka ɗura a kwalbar da ba rubutu. Layin launi a gindin takardar yana nuna haɗari: ja ya fi kowanne, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ga sharon da tsutsar kabeji ana amfani da masu sinadarin emamektin, ko sipinosad, ko kuloranturanilipurol. Kada ka maimaita iri ɗaya duk kakar, tsutsar na sabawa da shi. Sauya sinadarin, ba sunan kwalba kawai ba. Bi ma'aunin da aka rubuta, kada ka ƙara don a ji ƙarfi, kada ka haɗa uku a famfo ɗaya. Fiya-fiya ba ta da hurumi a kan abin da za a ci.

Sa riga mai dogon hannu, takalmi, safar hannu da takunkumi. Yi feshi da sanyin yamma, iska na bayanka, kada ka busa bakin famfo da bakinka, kada ka ba yaro ya fesa. Ka yi wanka da sabulu kafin ka ci abinci. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau 3 a juye a famfon, a huda ta, kada ta koma gida a zuba mai ko ruwa. Abin da ya fi damuna shi ne kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, waɗanda ke rubuce a jikin kowace kwalba. Wanda ya fesa yau ya kai latas kasuwa gobe, 'ya'yan wani ne za su ci, kuma wannan amana ce a wuyansa. Alayyafo da latas da ake yanka a mako 3 zuwa 5, ni darbejiya kawai nake sa musu.

Bayan an tashi

Albasa in wuyanta ya fara kwanciya a yanke mata ruwa kamar mako 2 kafin cira, a bar ta ta sha iska a inuwa wuyan ya bushe kafin a kai rumbu. Tumatir kuwa ranar da ka yi tsinkar ƙarshe, ranar za ka tumɓuke karan duka ka ƙone ko ka binne, har da 'ya'yan da suka zube. Tsohon tumatirin da aka bari a tsaye don ɗan abin miya, a nan sharon da farin ƙuda ke zama har renon baɗi. Kafce ƙasar ka buɗe ta ga zafin Afrilu ya ƙona 'ya'yan jijin da suka rage. Sannan ka ɗauki takarda ka zana komayenka, ka rubuta abin da kowanne ya ɗauka bana da inda jiji ya fi yawa, ka ajiye ta inda za ka same ta a watan Satumba.